Wanka a makaranta bayan wasanni: in tilasta wa yaro ko in ƙyale shi?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wajen iyayen da ke da yara a makarantun ƙasashen waje da kuma ma'aikatan lafiya. A jihar Ohio muke zaune, a Amurka. Yarona yana aji bakwai, kuma da safe suke darasin motsa jiki. Su yi guje-guje, su buga ƙwallon kwando, sannan ya mayar da kayansa a kan gumin ya zauna a aji har a tashi. In na je ɗauko shi sai na sauke gilashin mota. Akwai wurin wanka a ɗakin da suke canza kaya, na ce ya riƙa watsa ruwa, ya ce shi wallahi ba zai shiga ba. Wai kawunan shawa ne a jere a bango, ba labule ba katanga, ƙasa duk santsi, gashi ya toshe magudana, kuma ko a cikin 'yan ajinsu babu mai shiga. Babansa ya ce in rabu da shi, wai gara tsami da ɗauko cuta. Ni kuma ina ganin yaro ya fara girma, in bai saba da tsaftar jikinsa yanzu ba sai yaushe? Da gaske ana ɗaukar cuta a irin wuraren nan, ko dai ƙiwa ce kawai?

Tsohon_Leba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shawa fa kika ce? Har da ruwan zafi? Allah ɗaya gari bamban. Mu da muka yi makarantar kwana, ana tashi daga filin wasa da yamma kowa zai ruga da bokiti layin tuƙa-tuƙa. In kai juniya ne sai ka cika na siniyanka tukuna, kafin ka samu naka an kira magariba. Banɗakinmu kuwa fili ne aka zagaye da bulo, gansakuka ta yi kore shar, zarni tun daga ƙofa yake maka sallama. Ga mu nan da ranmu. Ki sa shi ya yi wankansa kawai.

Nas_Zee:
Yaya Leba, kuna nan da ranku, amma a tambayi ƙafafunku da kawunanku na wancan lokacin su ba da labari.

Maman Haidar, ana ɗauka, sai dai abin bai kai yadda ake tsorata shi ba. Babban abin da ake kwasowa a ƙasan wurin wanka shi ne cin ruwa, wanda tsakanin yatsun ƙafa ke yin fari ya saɓule, ya yi ta ƙaiƙayi. Ƙwayar fangas ce. Mai ita yana zubar da ɓurɓushin fatar ƙafarsa a ƙasa, wani ya taka ba takalmi ya kwasa. Na biyu wani ƙurji ne mai tauri da ke fitowa a tafin ƙafa, yana zafi in an taka, shi kuma wani nau'in ƙwayar bairos mai suna HPV ke kawo shi, yana shiga ta inda fata ta tsage.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, taka ƙwayar kaɗai ba ya isa. Sai ta samu wuri mai ɗumi da danshi take zama. To yaron da ya yi gudu ya jiƙa safa da gumi, ya ci gaba da zama da kambas ɗin nan har yamma, ya ba ta masauki ko da bai taɓa leƙa banɗaki ba. Don haka maganar babansa ma tana da gyara. Silifas na roba a lokacin wanka, tsane tsakanin yatsu da kyau, sabuwar safa, ya wadatar da kaso mafi yawa na matsalar.

Maman_Haidar:
Na gode ƙanwata. Safar nan kam ban taɓa kawo ta a rai ba, ɗaya yake fita da ita.

Malam_Gwale:
Duk kun tafi kan cuta kun bar abin da yaron ya fara faɗa. Ya ce ba labule, ba katanga. Wannan ba ƙiwa ba ce, kunya ce, kuma abin a yaba masa ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa namiji kada ya dubi al'aurar namiji, mace ma kada ta dubi ta mace. Al'aurar namiji kuwa daga cibiya ne zuwa gwiwa. Yaro ya taso kin koya masa rufe jikinsa, yau kuma ki ce ya je ya tuɓe a tsakiyar 'yan ajinsu don gudun wari? Gumi ba najasa ba ne. In ya yi alwala ya yi azahar da gumin nan sallarsa ta yi. Ya yi haƙuri ya dawo gida ya yi wankansa a rufe.

Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, ai ba dole sai ya tuɓe ba. Mu a makarantar kwana da gajeren wando muke wanka in wurin ya cika, a gama a ɗaura tawul a canza. Kuma addinin da ya ce a rufe al'aura shi ya ce tsarki rabin imani ne, shi ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa zuwa ya takura wa mutane a masallaci. Yaron da ke zaune kusa da shi a aji ba shi da haƙƙi?

Malam_Gwale:
In shi ya saka wando, to sauran fa? Idonsa zai rufe ya yi wankan?

Bakatsine:
Ai ta ce babu mai shiga. Shi kaɗai zai mallaki wurin.

Abban_Texas:
Ku tsaya in faɗa muku yadda abin yake a nan, don na daɗe a ƙasar. A da can tilas ne, malamin wasanni yana tsaye da rajista sai ya ga kowa ya jiƙe. Turawan da muke aiki da su, waɗanda suka manyanta, har yau suna ba da labarin abin da takaici. A shekarun 1990 al'adar ta fara mutuwa. A 1994 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta yi barazanar maka hukumar makarantun Hollidaysburg da ke Pennsylvania a kotu saboda tilasta wa ɗalibai wanka, hukumar ta janye dokar. Daga baya kuma wayar hannu mai kyamara ta shigo ta ƙarasa kashe abin, domin babu yaron da zai yarda ya tuɓe a ɗakin da kowa ke da waya a aljihu. Yau a makarantu da dama ɗakin wankan ya zama sito, an jibge tsofaffin katifun wasa da ƙwallaye.

Saboda haka Hajiya, in kika tilasta masa, ba ƙazantar wurin ce za ta fi damunsa ba, tsokanar yara ce. Yaro baƙi, Musulmi, mai suna daban, sannan shi kaɗai ke wanka. Ki duba wannan ma.

Uwar_Biyu_Leeds:
Nan Ingila ma kusan haka ne. Dokar gine-ginen makarantu ta 2012 ta wajabta a tanadi wurin canza kaya da na wanka ga ɗaliban da suka kai shekara 11 in suna darasin motsa jiki. Tanadi aka wajabta, ba a ce dole yaro ya yi ba. To wurin yana nan, amma 'yan mintunan da ake ba su tsakanin wasa da darasi na gaba ko ɗaura igiyar takalmi da ƙyar suke isa. 'Ya'yana mata abin da nake sa musu a jaka: ƙaramin tawul, tishu mai danshi, rigar ciki da safa na canji, da turaren hammata na murzawa. Ban da na fesawa, don yaran nan in suka haɗu suka feshe ɗaki, mai asma sai ya fita.

Tsohon_Leba:
Tishu mai danshi! Wato dai wankan hunturu namu ne aka sa masa kwali. Mu ma in sanyi ya kankama fuska da ƙafa ake wankewa a shafa basilin a tafi asambuli.

Kocin_Unguwa:
Ni zan ɗan saɓa wa masu cewa a bari sai gida. Ina horar da yara ƙwallo, kuma na ga abin da jinkirin wanka ke jawowa in akwai ƙujewa a jiki. Yaro ya faɗi ya goge gwiwa, ya bar ta cikin gumi da ƙura, bayan kwana biyu ta ɗuri ruwa. A Amurka ɗin ma da kuke magana, a 2003 an samu ɓarkewar MRSA a ƙungiyar ƙwallon St. Louis Rams, 'yan wasa biyar suka kamu. Ƙwayar bakteriya ce da ke kawo maruru kuma ba ta jin magungunan da aka saba bayarwa. Ta inda fata ta ƙuje a fili ta riƙa shiga. Shawarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ke ba 'yan wasa ita ce a yi wanka da zarar an gama, a rufe ciwo, kada a yi tarayya a tawul ko reza ko sabulun dunƙule. Waɗannan manyan 'yan wasa ne masu likitoci a gefe, ina ga yaranmu da mutum biyar ke goge fuska da tawul ɗaya a hutun rabin lokaci?

Nas_Zee:
Koci ya yi gaskiya, amma a bambanta. Wasan da jiki ke gogar jiki, kamar kokawa ko ƙwallon Amurka, daban yake da darasin minti arba'in na guje-guje. In Haidar ya shiga ƙungiyar kokawa ta makaranta, ni ce ta farko da zan ce lallai ya yi wanka nan take, domin makero ma a kan tabarmar kokawa yake yawo. In dai wasan aji ne, kuma babu ciwo a jikinsa, jira zuwa la'asar ba zai cutar da shi ba. Zai dai cutar da hancin mamansa.

Kuma game da warin, shi gumi shi kaɗai ba ya wari. In yaro ya fara balaga wasu mazubin gumi na daban ke buɗewa a hammata da matsematsi, bakteriyar da ke kan fata ta ci abin da suke fitarwa, shi ne tsamin. Shi ya sa wanke hammata kaɗai da canza riga ke rage abin sosai.

Hajjo_Metiron:
'Ya'yana, na yi shekaru ina kula da ɗakunan kwanan 'yan mata kafin in yi ritaya, bari in sa baki. Duk banɗakin da kuka ga ya lalace, ku tambaya wa ke wanke shi. A wurinmu aikin 'yan aji ɗaya ne da wanda ya yi laifi. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, a miƙa mata guntun tsintsiya, ba omo, ba safar hannu, ruwa rabin bokiti, a ce ta wanke wurin da mutum ɗari suka yi wanka. Me za ta iya? Ta watsa Izal wuri ya yi ƙamshi ta gudu. Ranar Asabar da ake zagayen duba tsafta kuwa sai ka ga wuri yana ƙyalli, saboda ana son cin kofi. Litinin da yamma an koma gidan jiya.

Ni abin da na yi ta faɗa da shi shi ne mayar da wankin banɗaki horo. Yaron da aka saba hukunta shi da wankin banɗaki, in ya girma gani zai yi aikin wulaƙanci ne, ko na gidansa ba zai taɓa ba. Da na samu shugabar da ta saurare ni muka yi jadawali kowa ya shiga har 'yan aji shida, aka sayo burushi mai dogon hannu, wuri ya canza. Da aka yi mata canjin wurin aiki abin ya bi ta.

Tsohon_Leba:
Mama, a nan kam ba ni da bakin magana, don ni ne mai raba aikin.

Gimbiya_01:
Mama Hajjo kin tuna min. Kusan duk 'yan ɗakinmu sai da muka yi ciwon sanyi a makaranta saboda banɗakin nan. Ni shi ya sa ko a gidan biki ba na shiga bayin mutane. Maman Haidar ki gode Allah namiji ne, da mace ce da ban ba ki shawarar ta kusanci wurin ba.

Nas_Zee:
Anti Gimbiya, a nan zan ɗan ja da ke. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma abin da mata ke kira sanyi galibi ba daga ƙasan banɗaki ko bakin masai ake ɗaukarsa ba. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri yawanci ƙwayar fangas ce mai suna kandida, wadda dama tana jikin mace, sai ta samu dama ta yi yawa. Abin da ke ba ta dama a makarantar kwana: a wanke ɗan kamfai a shanya a cikin ɗaki ko ƙarƙashin katifa don kunya ko tsoron sata, a sa shi bai bushe ba; wandon wasanni na leda a wuni da shi; shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai; da wanke gaba da sabulu mai ƙarfi ko ruwan Dettol. Sannan ƙazantar banɗakin tana cutarwa ta wata hanya: yarinya ta ƙi shan ruwa, ta riƙe fitsari wuni guda don kada ta shiga, wannan kuwa yana taimaka wa ciwon mafitsara.

Gimbiya_01:
To ni dai na san abin da na gani. Muna komawa hutu yake lafawa, muna dawowa ya dawo.

Hajjo_Metiron:
A gida ai a rana kike shanya kayanki, 'yata, kuma ruwa ba a auna miki shi.

BaMaradiya:
Sannunku 'yan uwa. Ina karantawa ina dariya, don mu nan Maraɗi tambayar ma ba ta taso ba. Lokacin da nake CEG, wato ƙaramar sakandare, in za a yi EPS, wato darasin motsa jiki, da sassafe ake sa shi ko da marece, saboda a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. In an gama kowa ya kama hanyar gida ya yi wanka, ko ka wanke fuska da ƙafa a famfon lakwal in akwai ruwa. Wurin wanka a lakwal ta jeka-ka-dawo ban taɓa ganin shi ba. Amma dubarar sa wasa a awa ta ƙarshe, ina ga ko can Amurka za ta yi amfani. Mi ya hana a roƙi makarantar ta maida mishi darasin zuwa ƙarshen yini?

Abban_Texas:
'Yar uwa, ana iya nema a farkon zango wajen mai ba ɗalibai shawara, wani lokaci a dace. Sai dai ɗakin wasa ɗaya ne, ajujuwa da yawa, dole wasu su faɗa safiya.

Injiniyan_Famfo:
Ni ta ɓangaren sana'ata zan yi magana. Wurin wankan da ba a amfani da shi ya fi wanda ake amfani da shi kullum abin tsoro ta wata fuskar. Ruwan da ya kwanta a bututu makonni, da ɗan ɗumi, shi ne gidan ƙwayar lijiyonela. Tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 zuwa 45. Ba ta shan ruwa ake kamuwa ba, ta shaƙar feshin ruwan ne, sai ta kama huhu. An gano ta ne bayan ɓarkewar da aka yi a wani otal a Philadelphia a 1976 lokacin taron tsofaffin sojoji, ko da yake can daga na'urar sanyaya gini ta fito. Shi ya sa a Ingila ƙa'ida ita ce a ajiye ruwan zafi a digiri 60, kuma famfon da ba a cika buɗewa ba a riƙa sakinsa yana zuba duk mako. Gaskiya cutar ta fi kama tsofaffi da masu shan taba, yara ba kasafai ba. Amma Hajiya, in har za ki je makarantar, ki tambaye su ko ana sakin ruwan shawar, musamman bayan dogon hutu.

Santsi da gansakuka kuma ba laifin mai shara ba ne kullum. In mai gini bai karkatar da daɓen zuwa magudana ba, ruwa zai kwanta ko sau goma aka wanke. In babu taga ko fanka mai zuƙe tururi, bango ba zai bushe ba. Na sha zuwa gyara a makarantu a nan gida in tarar an kashe kuɗi an manna tayil mai sheƙi irin na falo a ƙasan wurin wanka, sokawe kuma ta cika tana maido ruwa. Siminti mai kaushi da gangara mai kyau ya fi shi sau goma.

Tsohon_Leba:
Kun ji ko? Bokiti ba ya feshi. Ashe mu ne a kan daidai tun farko.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Haha, Leba ka samu lauya. Nan Gana ma makarantun kwana da bokiti ne, kuma ranar Asabar akwai gurzar banɗaki tun asuba. Abin da na fi tunawa shi ne satar silifas. Ka cire ka ajiye a ƙofa ka fito babu. To duk shawarar Nas ta silifas sai ka fara samun wanda zai kwana da kai. Ni sai da na ƙona nawa da ƙusa mai zafi na yi masa shaida.

Sarkin_Gardama:
Ni abin da ke ba ni haushi, muna nan muna tattauna shawar Amurka alhali makarantunmu ko ruwan wanke hannu babu. Binciken ruwa da tsaftar muhalli na ƙasa, WASHNORM, na 2021 ya nuna kashi 11 cikin ɗari ne kawai na makarantun Najeriya ke da ruwa da makewayi da wurin wanke hannu gaba ɗaya a matakin farko. Tun Nuwamba 2018 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsaftar muhalli, a 2019 aka sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025. Jigawa ce ta fara cika sharaɗin a 2022. Sauran fa? Yaro a ƙauyenmu bayan aji yake zagayawa, ku kuna zancen labule.

Mai_Zaure:
Sarkin Gardama, maganarka gaskiya ce, amma ka buɗe mata nata zaren. Baiwar Allah tambaya ta yi a kan ɗanta, kuma tana da haƙƙin a amsa mata. A dawo kan batu don Allah.

Hajjo_Metiron:
Kafin a dawo, abu ɗaya don masu yara a makarantar kwana. Ku ja musu kunne kada su haɗa Hypo ko Jik da ruwan wanke masai irin su Harpic wai don ya fi ƙarfi. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Na taɓa fitar da yarinya daga banɗaki tana tari idanu jajur saboda haka. Kowanne a yi amfani da shi shi kaɗai, a sirka da ruwa yadda aka rubuta a jiki, a bar ƙofa a buɗe. Kuma a fara gurzawa da omo tukuna, don bilic a kan dauɗa ɓarnar kuɗi ce.

BaMaradiya:
Wallahi Inna, mu ma nan haka mata ke yi da jabel, wato bilic, su zuba shi bisa komi.

Baban_Khalifa:
Nas, tunda kina nan. Yarona ya dawo hutu da ƙaiƙayi a tsakanin yatsun hannu da gindin cibiya, da dare ba ya barci. Kansa kuma ga wani zagaye da gashi ya zube. Uwarsa ta ce banɗakin makaranta ne. Na sayo masa man nan mai haɗi uku a kemis, ya lafa ya dawo.

Nas_Zee:
Baban Khalifa, ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, ka kai shi asibiti a duba. Amma yadda ka kwatanta, na farkon ya yi kama da ƙazuwa, ita kuwa ba a banɗaki ake ɗaukarta ba, ta haɗa jiki ce da tarayya a gado, zanin rufa da kaya. In ita ce, sai an yi wa duk 'yan gida magani lokaci guda, a wanke kayan shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana, kuma a sanar da makaranta, in ba haka ba yana komawa zai sake kwasowa. Na kansa kuma kamar ƙora, wadda ta fi bin injin aski da mataji. Ita man shafawa ba ya kai wa ga saiwar gashi, sai an haɗa da na sha na makonni.

Man haɗi ukun nan don Allah a ajiye shi. Akwai sitiroyid a ciki, shi ke kwantar da ƙaiƙayin ka zaci an warke, alhali fangas ɗin yana ƙara bazuwa a ƙasa. Ko cin ruwa ne, mai ɗauke da clotrimazole ko terbinafine zalla ake nema, a ci gaba da shafawa har kwanakin da aka ce su cika ko da wurin ya yi kyau. Wata 'yar dabara: mai cin ruwa ya fara sa safa kafin ya sa gajeren wando, don kada wandon ya kwaso ƙwayar daga ƙafa ya kai ta matsematsi. Mu masu alwala sau biyar kuma, mun iya tsattsefe yatsu da ruwa, tsanewar ce ba mu damu da ita ba kafin mu zura safa.

Malam_Gwale:
Wannan ta ƙarshen na karɓa, zan ma faɗe ta a karatu.

Maman_Haidar:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na yi magana da malamin wasanninsu. Ya ce ba a hana kowa wanka ba, ba a kuma tilasta wa kowa, kuma lokacin canza kayan gajere ne. Ya ce a can ƙarshen ɗakin akwai wurin wanka guda mai ƙofa da aka yi don masu buƙata ta musamman, in babu mai amfani da shi Haidar zai iya shiga, zai kuma ba shi takardar uzuri in ya makara aji. Da na yi tambayar Injiniya ta sakin ruwa sai ya ce sai ya tambayi masu kula da ginin. Na dawo da murnata na faɗa wa yaron, ya ce shi fa ba zai zama wanda kullum ake jira ya shigo aji da jiƙaƙƙen kai ba. Babansa yana gefe yana dariya. Yanzu dai ya yarda da riga da safa na canji.

Bakatsine:
Ki bar shi Hajiya. Nan da shekara biyu in ya fara kula 'yan mata da kanki za ki riƙa buga masa ƙofar banɗaki ya fito.

Malam_Gwale:
A'uzu billahi. Bakatsine, wace irin addu'a ce wannan?

Kocin_Unguwa:
Ni har yanzu ina kan bakata. In an ba shi wuri mai ƙofa kuma ya ƙi, to ba kunya ba ce yanzu, ra'ayin abokai yake bi. Yau wanka ne, gobe wani abu ne. Da ɗana ne sai ya shiga.

Uwar_Biyu_Leeds:
Koci, kai a fili kake da su na awa biyu, ita ce za ta kwana da fushinsa. Kuma ko ta ce dole, tana gida, wa zai tabbatar mata ya shiga? Jiƙa kai a famfo ai ba wuya.

Gimbiya_01:
Nas Zee, tambaya ta daban. Alimun da kakanninmu ke gogawa a hammata, ya halatta a sa wa yaro ɗan shekara sha biyu, ko ya yi masa ƙarfi? Don nawa shi ma ya fara, kuma na murzawar nan ƙuraje yake fito masa da su.